Makullin Motarka Ya Fara Gardama? Kada Ka Yarda A Yi Maka Haɗin Waya

Duk wanda ya saba shiga tsofaffin ƙananan motoci irin su Golf 3, Starlet ko Civic ya san wannan dabarar: makulli ya ƙi tayar da mota, sai a leƙa ƙarƙashin sitiyari a haɗa wayoyi biyu, ko a dasa wani ɗan maɓalli a gefen dashbod a ce an gama gyara. Ra'ayina shi ne a daina wannan. Mu masu rubuta manhaja mun san irin wannan facin, wanda yake rufe bakin matsala yau, gobe ta dawo da 'yan uwanta. Bambancin kawai, idan manhaja ta tsaya sai ka sake buɗe ta, amma idan mota ta mutu kana gudun kilomita 100 a hanyar Kano zuwa Zariya, rai ne a ciki.

Mu fara da sanin yadda abin yake. Wurin da kake zura makulli kashi biyu ne. Akwai kwaɗon ƙarfe da makullin yake murɗawa, sannan a bayansa akwai suwicin lantarki mai raba wuta. Shi ne yake da matakai huɗun nan da ake rubutawa a jikinsa: LOCK, ACC, ON da START. A ACC rediyo da 'yan ƙananan kaya ne kawai suke samun wuta, a ON injin da famfon mai suke samu, START kuwa shi ke kunna kik. Bayan shekara ashirin ana murɗawa, ƙarafan da ke cikin suwicin sukan cinye ko su ƙone. Daga nan ne za ka ga fitilun dashbod suna ƙyaftawa idan ka girgiza makulli, ko mota ta tashi amma ta mutu da zarar ka saki hannu, ko ta ɗauke idan ka faɗa rami.

Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne ya dubi abin da ya faru a Amurka. A 2014 kamfanin General Motors ya janye ƙananan motoci kusan miliyan 2.6, ciki har da Chevrolet Cobalt da Saturn Ion, saboda suwicin makulli. Ɗan ƙarfen da ke riƙe makulli a ON ya gaza tsawo da kimanin milimita 1.6, don haka nauyin tarin makullai ko bugun gwiwar direba ya isa ya mayar da shi ACC. Injin ya mutu, sitiyari ya yi tauri, birki ya yi nauyi, jakar iskan da ke kare mutum a haɗari ta ƙi buɗewa. Asusun diyyar da kamfanin ya kafa ya amince da mutuwar mutum 124, kuma a 2015 kamfanin ya yarda ya biya gwamnatin Amurka dala miliyan 900.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a labarin, a matsayina na mai rubuta manhaja, shi ne tun 2006 aka gyara ɗan ƙarfen, amma ba a canza lambar kayan ba. Sabo da tsoho suna yawo da suna ɗaya, masu bincike suka yi shekaru suna lalube. Daidai yake da ka canza manhaja ka bar ta da tsohuwar lambar siga. Haɗin wayar da ake yi a gareji ma haka yake: babu zane, babu rubutu, mai wayarin ɗin da zai zo bayan shekara biyu ba zai san wace waya ce ta tafi ina ba.

Na san hujjar masu yi. Kuɗi ya yi wuya, kayan gyara na asali sun yi tsada, direban tasi kuma ba zai ajiye mota kwana uku iyali suna jiran cefane ba. Gaskiya ne. Amma a yi lissafin duka. Wayar da aka ja kai tsaye daga batir ba tare da fis ba tana iya kama wuta. Maɓallin da ba ya komawa da kansa yana iya barin kik yana juyawa bayan injin ya tashi har ya ƙone. Mafi muni, idan ana tuƙi babu makulli a ciki kuma ba a cire abin kulle sitiyari ba, sitiyarin na iya kullewa a tsakiyar kwana. Ga shi kuma ka sauƙaƙa wa ɓarawo aiki. Araha ba ta ado.

Abin da nake ba da shawara shi ne a bi matsalar yadda muke bin kuskure a manhaja: daga mai sauƙi zuwa mai wuya, abu ɗaya a lokaci guda. Fara da batir. Ƙaramar mitar gwajin wuta za ta nuna maka kusan bolt 12.6 idan a cike yake kuma mota a kashe. Duba kawunan batir ko sun yi gishiri ko sun saki, sannan fis da rile. Idan duk lafiya, sa makulli a ON ka girgiza shi a hankali kana kallon dashbod. Fitilu suka ɗauke, to ka kama mai laifi. Kafin a taɓa komai a kusa da sitiyari a cire baƙar wayar batir a ɗan dakata, musamman idan motar tana da jakar iska. A motoci da yawa suwicin ake kwancewa daga bayan kwaɗon a sa wani, makullinka na nan yadda yake.

Wayarka ma tana da aiki a nan. Ɗauki hoton wayoyi da launinsu kafin a kwance. Ɗauki hoton lambar da ke jikin tsohon suwicin, ka je da ita Ƙofar Ruwa ko Panteka, kada ka sayi "mai kama da shi". Idan motar daga Amurka aka shigo da ita, shiga shafin hukumar NHTSA ka duba ko an taɓa janye irinta. Honda ma ta janye wasu Accord da Civic na ƙarshen shekarun 1990 a 2002 kan matsalar suwicin makulli. Ƙananan na'urorin OBD2 da ke haɗuwa da waya ta Bluetooth suna da amfani, amma kada ka dogara da su a nan, domin cinyewar ƙarfe a cikin suwici ba kasafai take fitowa a matsayin lambar kuskure ba.

Sai abu na ƙarshe, wanda ko sisi ba zai ci maka ba: cire makullin gida, na shago, filas da ɗan tocilan daga jikin makullin mota. Ka bar shi shi kaɗai.