Hanyar Gida Da Wuraren Tsayawarta

A hutun Sallar da ta gabata na ɗauki iyalina daga Zariya zuwa gida Batsari, kuma wata tambaya da ƙaramin ɗana ya yi mini a hanya ita ce sanadin rubutun wannan mako. Mun kusa Dutsin-Ma ya ɗago kai daga waya, ya nuna wani dutse da ke gefen titi, ya ce, "Baba, me ya sa ba mu taɓa tsayawa mun hau ba?" Na ce masa rana ta yi, sauri muke yi. Ba gaskiya na faɗa masa ba, domin ko hantsi bai gama dubawa ba. Tsoro ne ya hana ni taka birki.

Lokacin ƙuruciyata, a farkon shekarun 1990, wannan tafiya takan cinye mana yini guda, kuma da gangan mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yake jan ta. A Funtuwa mukan karya kumallo muna kallon motocin auduga. Idan muka ratse ta Ƙanƙara muka nufi 'Yantumaki, ƙasa takan buɗe, gonakin dawa da gero su miƙe iyakar ganin ido, ga kuka da ɗorawa da tsamiya tsaye a tsakiyarsu. Wani lokaci yakan karkata da mu zuwa madatsar ruwa ta Zoɓe, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaɗuwa, mu ci soyayyen kifi a bakin ruwa. Daga nan sai duwatsun Dutsin-Ma, sai Safana, garin Yariman Katsina, inda mukan yi sallar La'asar kafin mu ƙarasa ƙasar Sarkin Ruma.

A waɗannan zango-zango na koyi abin da aji bai koya mini ba. A nan aka nuna mini gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya tofo da rani, aka bayyana mini dalilin da ya sa manomi ba ya sare shi daga gonarsa. A nan na san marke da ƙirya da kanya. A nan na fara jin labarin tsohon garin Ruma da mayaƙansa. Idan mahaifina ya nuna yamma ya ce ga dajin Rugu can, makiyaya da maharba da masu cin zuma ne suke zuwa mana a zuciya. Fulanin da muke sayen nono da fura a wurinsu sun san sunansa, shi ma ya san nasu.

Yau ambaton Rugu kaɗai ya isa ya sa mota ta yi tsit. Mai karatu ya san dalili. A watan Fabrairun 2020 an kashe mutane talatin a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙaramar hukumar Batsari. A Disamban shekarar aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana. A waɗannan shekaru matafiyi ya koyi sabon karatu: ya bar gida bayan gari ya waye sosai, ya bi ayarin motoci, ya lura ko ana fitowa daga gabansa, kada ya tsaya ko da fitsari ya matsa wa yaro. Da yawanmu muka koma zagayawa ta Katsina, wasu kuwa suka daina zuwa gaba ɗaya, zumunci ya koma saƙon kuɗi ta waya.

Ana lissafa asarar rayuka da ta shanu da ta gonakin da aka bari, kuma wajibi ne a lissafa. Akwai kuma asarar da ba ta shiga lissafi, wato yaran da suka tashi ba su san ƙasar iyayensu ba sai ta tagar mota a guje. Wanda bai taɓa zama a inuwar kukar garinsu ba, da wuya ya damu ranar da aka sare ta. Idan ya girma ya zama likita ko injiniya, me zai ja shi ya koma ya yi wa wurin aiki? Masu gawayi ma sun samu sarari, domin itatuwan da na sani a bakin hanya da yawa sun koma kututture.

Gwamnatin jiha ta kafa rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, kuma a 2025 an ƙulla sulhu a wasu ƙananan hukumomin yankin. Mutanenmu suna cewa an samu sauƙi, na kuwa ga manoma a gonakin da aka daɗe ba a taka ba. Sai dai ni ga ma'aunina: ranar da magidanci zai faka motarsa tsakanin Safana da Batsari bayan La'asar, ya shimfiɗa darduma, 'ya'yansa su watsu neman magarya, ransa a kwance, ranar ce zan ce lafiya ta zauna. Kafin a kai can, ana bukatar a cike ramukan da ke tilasta wa direba rage gudu a wuraren haɗari, a dawwamar da sintiri ba sai an kai hari ba, a kuma mayar wa makiyayi burtali da mashaya da makaranta, domin daga sakacin da aka yi da su wutar ta samu makamashi.

Mu iyaye ma da namu aikin. A hanyar komawa na tsaya a gefen garin Dutsin-Ma, inda akwai jama'a, na hau wani ƙaramin dutse da yaron. Minti goma kacal muka yi. Ya tambaye ni sunan wani itace, na ce gawo ne, na ba shi labarin ganyensa kamar yadda aka ba ni. Har muka isa Zariya yana ƙirga gawo ta taga.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa, in muna da rabon ganawa.