Neman Diyyar Rauni Ba Aikin Manhaja Ba Ne

Muna kira ga duk wanda hatsari ya raunata a hanyar Illela zuwa Sakkwato da kada ya damƙa neman diyyarsa ga ƙirƙirarriyar basira. ChatGPT na iya tsara wasiƙa, amma ba ta duba karaya, ba ta san asarar falken da jinya ta hana cin kasuwar Lahadi ba, kuma takan ƙago hujja. A 2023 kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 kan shari'o'in bogi da ChatGPT ta ƙago musu a ƙarar diyyar rauni.

A tanadi rahoton likita da na 'yan sanda da takardar inshorar mota, a nemi lauya. Gwamnatin Sakkwato kuma ta kusanto wa talakan Illela da lauyoyin agaji.