Waiwaye: Lifidi, Sulke da Kuɗin Riƙo

Idan Hawan Daushe ya zo muka tsaya a Ƙofar Kudu, 'yan lifidi suka wuce da dawakai a lulluɓe, yaranmu kwalliya suke gani. Mu ma haka muka taso muna gani. Mun manta cewa wannan tufar dabara ce ta sauƙaƙa wa baitulmali.

Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Sulke kayan nesa ne, sai ya ratso hamada, ga tsada, ga tsatsa idan damina ta kama shi babu mai. Lifidi kuwa saƙi ne na gida, a cusa masa audugar rimi, maɗinkin unguwa ya ɗinke. Kibiya ta huda, a yi faci da yamma, gobe a hau. Yana da nasa aibin, don yana da nauyi, wuta kuma ba ta raga masa. Amma doki ɗaya da ya tsira daga dafin kibiya ya rage wa Shamaki, mai kula da bargar sarki, sayen wani, ya kuma ceci dawa da harawa da kanwar da aka yi shekaru ana zuba masa. Sayen doki rana ɗaya ne, ciyar da shi kuwa kullum.

Yau ma lissafin bai canja ba. A 2021 sojojin samanmu suka karɓi jiragen Super Tucano 12 daga Amurka. Masu farfela ne, ba su kai na zamani gudu ba, amma ba su da shan mai, suna kuma daɗewa a sama. Wanda ya san barga zai gane hikimar.

Sai dai mu koma zamanin Sarki Kumbari, 1731 zuwa 1743. A lokacinsa aka fara kawo garkuwa daga Nufe, bindigogi ma suka shigo. A lokacinsa kuma haraji ya yi wa Kasuwar Kurmi nauyi har ta kusa mutuwa, Larabawan fatake suka tattara suka koma Katsina. A ganina waɗannan biyun ba su rasa dangantaka. Bindiga tana cin albarushi, albarushi na cin kuɗi, kuɗin kuma daga rumfar ɗan kasuwa yake fitowa.

Shi ya sa nake ɗaga kai duk sanda aka ambaci DICON, masana'antar makamai da aka kafa a Kaduna a 1964, ko Tsaigumi, jirgi marar matuƙi da injiniyoyin sojan sama suka ƙera aka ƙaddamar a 2018. Tucano ya rage kuɗin mai, gaskiya ne, amma kayan gyaransa har gobe da dala ake sayo su, dala kuwa kun san inda ta kai.