Kundin da bai san ɗan jari-bola ba

A 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tarkacen kayan lantarki, abin da aka tabbatar an sake sarrafawa bai kai rubu'i ba. Yanzu ana tallata bulokcen, kundin intanet da ba a goge abin da aka shigar cikinsa, don bin sawun kowace matacciyar salula har masana'antar narkarwa. Madalla. Sai dai kundi abin da aka ba shi yake riƙewa. Wanda ya rubuta "gwanjo" a kan kwantenar matattun talabijin da ya turo Legas, ƙaryarsa ce za ta zauna daram. Shi kuwa ɗan jari-bolan da ke ƙona wayoyin wuta a bayan kasuwar Alaba don ciro tagulla, hayaƙi na cin idonsa, wa zai shigar da shi?