Kujerar hawa bene: a nemi mai gyara kafin a tambayi farashi



Duk wanda ya zaga sabbin unguwannin Yamai, Maraɗi ko Damagaram ya ga yadda benaye suke tashi. Sai dai muna gini ne da ƙafar yau, muna mance ta gobe. Ranar da ciwon gwiwa ya kama maigida, ko hawan jini ya shanye wa Hajiya ɓarin jiki, sai matakala ta zama katanga tsakanin mutum da ɗakinsa. A nan ne ƴaƴan da suka ga kujerar hawa bene a Turai ko a intanet suke cewa a sayo wa tsoho. Niyya ce mai kyau, amma tana son lissafi.

Ita dai kujera ce mai inji, tana tafiya bisa wani dogon ƙarfe da ake kafewa a kan matakalar kanta. Mutum ya zauna, ya ɗaura ɗamara, ya danna maɓalli, ta haura da shi sannu a hankali; ƙa'idar Turai ba ta yarda ta wuce santimita 15 a daƙiƙa ba. Wani Ba'amurke, C. C. Crispen, ya ƙera irinta a 1923 domin abokinsa marar lafiya, yau kuma kamfanoni kamar Stannah da Acorn na Ingila da Otolift na Holand sun shahara da ita.

Tambaya ta farko a kan marar lafiyar take. Yana iya zama ya tashi da kansa? Yana iya lanƙwasa gwiwa ya ɗora ƙafa bisa matakin kujerar? Hankalinsa da hannunsa suna iya riƙe maɓalli? In a keken guragu yake, sai an ɗauke shi a ƙasa, an sake ɗaukarsa a sama, kuma sai an aje keke biyu. Mai jiri ko mantuwar tsufa kuwa, kujerar tana iya zama masa haɗari. Don haka a fara da shawarar likita. A auna nauyinsa kuma, domin yawancinsu kilo 120 zuwa 140 suke ɗauka.

Ta biyu, matakalar. In miƙaƙƙiya ce, aiki ya yi sauƙi: ana yanka ƙarfen daidai tsawonta. In tana da kwana ko wurin hutawa a tsakiya, kamar yadda maginanmu suka saba yi, sai an ƙera ƙarfen musamman a masana'anta bisa awon gidan. Kuskuren awo kaɗan ya isa ya mayar da shi tarkace. Shi ya sa ƙarfen mai kwana na hannu da wuya ya yi amfani, tun da an yi shi ne don gidan wani. Faɗin matakala kuma ya kai wajen santimita 70 zuwa 75, a bar wa sauran mutanen gida hanya.

Ta uku, wuta. Kujerun yanzu da batir suke tafiya, yana cika idan kujerar ta tsaya a mazauninta. Saboda haka ɗaukewar wuta ba ta barin tsoho rataye a tsakiya. Amma batir yana da kwana: shekara uku zuwa biyar a ƙasar sanyi, zafin watan Afrilu namu kuwa yana rage masa rai. Ƙurar hunturu ma tana shiga haƙoran ƙarfen ta haɗu da mai. Dole a sa na'urar daidaita wuta, a riƙa sharewa.

Ga kuma kuɗi. A Faransa miƙaƙƙiya tana kamawa daga wajen miliyan 2 zuwa 3 na sefa, mai kwana kuwa ta kan ninka haka ko ta fi. Can, gwamnati ta buɗe wani tallafi a 2024 mai ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kashi 50 ko 70 cikin ɗari na aikin. Mu a nan sai mai saye ya ƙara kuɗin dako da na duwan.

Amma babbar magana ita ce gyara. Masu ƙera ta suna son gwani ya duba ta sau ɗaya a shekara. Kafin ku biya ko dala, ku tambayi mai sayarwa: wa zai kafa ta? In ta tsaya, wa za a kira, daga wane gari? Kayan canji suna ina? Ɗan kasuwar da ya ga jinkirin kaya bayan rufe iyakar Benin a 2023 ya san abin da jiran ƙaramin ƙarfe daga waje yake nufi. Wata biyu kujera na tsaye, wata biyu ke nan tsoho na tsare a sama. A rubuta alkawarin gyara a takarda. In babu, a haƙura.

Sau da yawa ma mafita tana ƙasa. Kaɗan daga cikin wannan kuɗi ya isa a gyara ɗaki a ƙasa, da makewayi mai wurin zama, da ƙarfen dafawa a bango, da gangara a bakin ƙofa. Tsoho ya zauna kusa da jikoki, da masallaci, da masu zuwa gaisuwa. Mai shirin aza tubali kuma, ya ware wannan ɗaki tun yanzu. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.