Annoba Ba Ta Yi Sallama Ba, Mu Ne Muka Ajiye Bokiti

A ƙofar masallacin unguwarmu akwai wani shuɗin bokiti mai famfo a gindi, yana zaune a kan ƙafar ƙarfe da wani mai walda ya haɗa sadaka a shekarar 2020. A wancan lokaci ba mai shiga masallaci sai ya tsaya a gabansa. Akwai sabulu rataye da igiya a gefe, ladan ya cika shi kafin Asuba, yara su ƙara masa ruwa kafin La'asar. Yau bokitin yana nan inda aka bar shi. Rana ta cinye launinsa, famfon ya karye, babu komai a ciki sai busasshen ganyen darbejiya da ledar fiya wata. Sau biyar a yini muke wuce shi ba mai ko kallonsa. Duk lokacin da idona ya sauka a kansa sai in tambayi kaina: cutar ce ta tafi, ko kuwa mu ne muka gaji?

Bari mu tuna yadda aka yi, domin ɗan Adam mai saurin mantuwa ne. A ƙarshen 2019 aka fara jin ɗuriyar cutar korona a birnin Wuhan na ƙasar Sin. Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da ita a Legas, a jikin wani ɗan Italiya. Ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annobar da ta game duniya, kuma kafin watan ya ƙare ta ɓulla a Nijar. A watan Afrilu ta shigo Kano, a watan ne kuma ta yi ajalin Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa. Daga nan masu haƙar kabari a maƙabartun Kano suka fara cewa ba su taɓa binne dattawa da yawa haka a 'yan kwanaki ba. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce kusan mutum dubu ne suka rasu a wannan tsakani, kuma bincike ya nuna rabi ko fiye da haka na iya zama sanadiyyar korona. Mun yi azumin shekarar a kulle, ba tafsiri a masallatai, ba tarawihi cikin jam'i. Mun ga hoton Ka'aba ba kowa a filin ɗawafi, abin da ya sa manya kuka. Shekara biyu a jere, 2020 da 2021, babu maniyyacin da ya tashi daga ƙasashenmu zuwa aikin Hajji.

Ranar 5 ga Mayun 2023 shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Tedros Adhanom Ghebreyesus, ya sanar da ɗage dokar ta-ɓaci a kan cutar. A cikin wannan jawabin ya ja kunnen duniya cewa ƙwayar cutar tana nan, tana ci gaba da kisa, tana kuma ci gaba da sauya kama. Mu dai rabin farko muka ji, muka bar rabin ƙarshe. Mutanen da aka rubuta a hukumance cewa korona ta kashe sun haura miliyan 7 a faɗin duniya. Cutar ta rikiɗa daga wannan nau'i zuwa wancan, aka yi Delta, aka yi Omicron, har ta samu wurin zama cikin jerin cututtukan da muke kwana muna tashi da su. Baƙuwar da muka zaci kwana uku za ta yi ta kama ɗaki a unguwa. Zama da maƙwabciya irin wannan kuwa yana buƙatar ɗabi'ar kullum, wadda mutum zai yi ko ba ɗan sanda a kan titi.

A nan ne muka yi kuskure. Mun wanke hannu don mai gadin banki ya hana mu shiga, mun sa takunkumi don jami'in tsaro yana tsaye a shataletale. Da aka janye mai gadi da jami'i sai muka janye hannunmu daga ruwa. Ba mu taɓa zama mun ɗauki abin a matsayin haƙƙin ɗan'uwa da ke wuyanmu ba, alhali shi ne ainihinsa. Saurayi mai jini a jika zai iya ɗaukar ƙwayar cutar ya yi 'yar mura ta kwana uku ya warke, wani ma ba zai ji komai ba. Amma idan ya dawo gida ya durƙusa gaban kakarsa mai hawan jini, ko mahaifinsa mai ciwon sukari, ko ƙanwarsa mai asma, abin da ya zame masa mura zai iya zame musu jinyar asibiti ko abin da ya fi haka. Kiyayewar da kake yi, mafi yawan amfaninta ga wani ne wanda bai kai ka ƙarfi ba.

Kwanakin baya na shiga A Daidaita Sahu, na tarar da wani dattijo da wata matashiya a baya, ta rufe hanci da baki da takunkumi a ƙarƙashin mayafinta. Direban ya leƙo ta madubi ya ce, "Hajiya, har yanzu korona ba ta ƙare a gidanku ba?" Ta amsa masa cikin ladabi, "Malam, mura nake fama da ita, ga kuma Baba a kusa da ni." Dattijon ya juyo ya dube ta ya ce, "Allah Ya yi miki albarka, 'yata." Direban bai ƙara cewa uffan ba har muka sauka. Wannan yarinya ta fahimci abin da da yawanmu muka kasa fahimta a tsawon watannin kulle. Wanda ya rufe bakinsa don yana tari mutunta mutane ya yi, kuma ya cancanci a gode masa.

Akwai masu cewa duk wannan ƙarancin tawakkali ne, cuta da mutuwa na Allah ne. Babu Musulmin da ke jayayya da cewa rai da ajali a hannun Allah suke. Sai dai tarihin magabata ya riga ya amsa wannan magana. A zamanin halifancin Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, annoba ta ɓarke a ƙasar Sham, wadda ake kira annobar Amwas. Halifa yana kan hanyarsa ta zuwa can labari ya iske shi, ya tara sahabbai ya yi shawara, sannan ya juya da jama'arsa zuwa Madina. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Abdurrahman bin Auf ya zo ya tabbatar musu da cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana shiga garin da annoba take, ya kuma hana wanda ke ciki fita don gudun ta. Waye a cikinmu ya kai Umar tawakkali? An kuma ruwaito cewa Manzon Allah yakan rufe fuskarsa da hannu ko da tufafinsa idan zai yi atishawa, ya kuma umarci wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa ya nisanci masallaci don kada ya cutar da masu salla. Idan wari kawai ya isa a dakatar da mutum daga sahu, ina ga tari mai ɗauke da cuta?

Mu dubi al'adunmu na yau da kullum da idon gaskiya. A gidan suna ko gidan biki, kafin a sa hannu a tuwo, akan kawo ruwa a kwano ɗaya a zagaya da shi. Na farko ya tsoma hannu a ruwa mai tsabta, na biyu ya bi, kafin a kai kan na goma ruwan ya koma kamar na wanke-wanke, kuma da wannan hannu za a shiga akushi ɗaya. Gyaran wannan ba ya cin ko sisi. A ɗauko buta a riƙa zuba wa kowa a kan hannunsa, a ajiye sabulu a kusa, ruwan ya zuba a wani mazubi. Sabulu yana narkar da kitsen da ya lulluɓe ƙwayar korona ta lalace, yana kuma wanke ƙwayoyin amai da gudawa daga fata, muddin an cuɗa hannu sosai na kamar daƙiƙa 20, har da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Haka moɗar da ke kan randa a zaure, wadda kowane mai wucewa yake kafa wa baki, ya kamata a riƙa ɗiban ruwa da ita a zuba a kofi.

Sai dubiya. Zuwa gaida mara lafiya ibada ce, kuma tana cikin abubuwan da suka riƙe zumuncinmu. Amma mu tuna yadda muke yin ta: mutum goma sha a ɗaki ɗaya, taga a rufe, labule a sake, mai jinya yana tari, ga goyo a bayan mata, a yi awa biyu ana hira. Cututtukan numfashi sun fi yaɗuwa a rufaffen ɗaki mai cunkoso, domin iskar da mai cutar ya fitar tana nan tana yawo kowa yana shaƙa. A buɗe taga, a shiga biyu-biyu, a gajarta zama, a bar jarirai a gida. Wanda shi kansa ba ya jin daɗin jikinsa ya yi dubiyarsa ta waya, ladansa yana nan.

Wani zai ce ai yanzu ba a ma jin labarin korona. To, waɗannan ɗabi'u sun wuce korona. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke a Najeriya, Kano ce ta fi kowace jiha jin jiki, kuma mafi yawan waɗanda ya kama yara ne da ba a yi wa rigakafi ba, alhali allurar kyauta ce, ana yin ta jariri yana da sati 6, da sati 10, da sati 14. A 2021 amai da gudawa ya kama mutum fiye da dubu 100 a ƙasar nan, ya kashe sama da 3,000. Zazzaɓin Lassa, wanda ya samo sunansa daga garin Lassa na jihar Borno inda aka gano shi a 1969, yana dawowa duk rani ta hanyar fitsari da kashin ɓera a kan abincin da aka bari a buɗe ko aka shanya a ƙasa. Sanƙarau yana zuwa da zafi, ya fi kama masu kwana a cunkushe. Tarin fuka kuwa Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu ɗauke da shi, ga shi gwaji da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, duk wanda tarinsa ya wuce sati biyu ya kamata ya je a duba shi. Sabulu, buɗaɗɗiyar taga, rufaffen abinci, rufe baki wajen tari da allurar rigakafi, su ne dai katangar da ke tsakaninmu da dukansu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai kuma cutar da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da kowace annoba, wato jita-jita. Ba mu manta da watan Agustan 2014 ba, lokacin Ebola, daren da aka yi ta buga wa mutane waya ana cewa su tashi su yi wanka da ruwan gishiri su kuma sha. Mutane suka sha, wasu suka kwanta asibiti, wasu suka rasa rayukansu. Abin da ya tsayar da Ebola a Najeriya shi ne jajircewar ma'aikatan lafiya irin su Dakta Stella Adadevoh, wadda ta hana mai cutar na farko barin asibiti a Legas har ita ma ta rasa ranta, da kuma bin sawun duk wanda ya yi hulɗa da masu cutar. Kafin ka tura saƙon magani a WhatsApp, ka tambayi ma'aikacin lafiya. Tura abin da ba ka tabbatar ba yana iya zama sanadin ran wani.

Adalci ne kuma a faɗi cewa talaka yana da hujjarsa. An kulle mai neman na yau da hannunsa a gida ba a ba shi abin da zai ci ba, sai ga shi a watan Oktoban 2020 an fasa rumbuna a jihohi da dama an tarar da kayan tallafi jibge ba a raba ba. Irin wannan shi ke kashe yarda tsakanin jama'a da hukuma. Sannan da wuya ka ce wa matar da ke sayen ruwa jarka-jarka daga 'yan garuwa ta yawaita wanke hannu, ba ka kawo mata famfo ba. Don haka nauyi na farko yana kan masu mulki: ruwan sha a unguwanni, banɗaki da wurin wanke hannu a makarantu da kasuwanni da tashoshin mota, ajujuwa masu tagogi, da asibitin sha-ka-tafi mai ma'aikaci da allura. Amma gazawar hukuma ba ta sauke mana namu nauyin ba. Buɗe taga ba ya buƙatar kasafin kuɗi, haka ma rufe baki da gwiwar hannu idan atishawa ta zo.

Kirana ga limamai shi ne su sa wannan magana a huɗuba, su gaya wa jama'a cewa mai zazzaɓi da tari yana da uzurin yin salla a gida. Masu unguwanni da shugabannin kasuwa su maido da wuraren wanke hannu. Malaman makarantun allo da na boko su sallami yaron da ba shi da lafiya ya je a duba shi. Iyaye mata su duba katin rigakafin 'ya'yansu yau, su ga ko akwai allurar da ta rage. Kai kuma ɗan'uwa mai karatu, idan akwai irin wannan bokiti a ƙofar masallacinku ko shagonka, ka wanke shi, ka gyara famfonsa, ka zuba ruwa, ka ajiye sabulu. Rigakafi ya fi magani, kuma lafiyar maƙwabcinka amana ce da za a tambaye ka a kanta. Allah Ya kare mu da zuriyarmu daga annoba, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.