Farfela Ta Ɓace? Kada a Yar da Jirgin

Wasu iyaye kan sayo wa yaro ƙaramin jirgin sama na haɗawa, in aka tarar babu farfela ko taya sai a watsar. A ganina kuskure ne. A fara ƙirga kayan kafin a shafa gam, ko mai kaya zai canza. In ya ƙi, a ba yaron gwangwani, waya da karan dawa ya ƙera abin da babu. A 2007 Mubarak Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar Honda Civic. Da cikakken kwali ya jira, da bai fara ba. Mu bar yaran Azare su gwada. Allah ya yi musu albarka.